Ƙarar Taransifoma: Yadda Ake Bambance Ta Lafiya da Ta Matsala a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da taransifoma ya san ba ta yin shiru matuƙar akwai wuta a jikinta. Tana da wani ƙugi na yau da kullum wanda kunne kan saba da shi har mutum ya daina lura. Wannan ƙugi alamar lafiya ce. Amma idan ya sauya, ko ya ƙaru, ko wata baƙuwar ƙara ta shigo cikinsa, to na'urar tana sanar da jama'a cewa wani abu ya fara lalacewa. Sau da yawa taransifoma takan yi kwanaki, har ma makonni, tana ba da irin wannan sanarwa kafin ta ƙone.

Mun tanadi wannan bayani ne domin al'ummar ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, tare da hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A garuruwa da ƙauyuka da dama na wannan yanki, taransifoma guda ce ke ɗauke da gari baki ɗaya: rijiyar burtsatse, injin niƙa, injin casar shinkafa, shagon walda, da firjin da ake ajiye allurar rigakafi a asibitin gari. Idan ta ƙone, duk waɗannan sukan tsaya, kuma samun wata ba abu ne na kwana ɗaya ko biyu ba. Saboda haka za mu bayyana dalilin ƙarar, da ire-irenta, da abin da ya rataya a wuyan jama'a, da kuma abin da ya zama aikin ƙwararru kaɗai.

Hanyar da wuta ke bi kafin ta iso gare mu

Wutar da ke zuwa Jihar Kano daga babban layin ƙasa tana sauka ne a tashar Kumbotso da ƙarfin bolt 330,000, inda ake rage ta zuwa bolt 132,000. Daga nan ƙananan tashoshi su rage ta zuwa bolt 33,000, kuma akwai irin wannan tasha a Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Ƙiru. Waɗannan manyan tashoshi suna hannun kamfanin TCN na Gwamnatin Tarayya. Rarraba wuta zuwa garuruwa kuwa aikin kamfanin KEDCO ne, wanda ke kula da jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kuma ya koma hannun 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. Kafin haka an yi zamanin NEPA daga 1972, da na PHCN daga 2005.

Taransifomar da muke gani a bakin kasuwa ko a kan falwaya ita ce zango na ƙarshe. Tana karɓar bolt 11,000, ko kuma bolt 33,000 kai tsaye kamar yadda ake yi a ƙauyuka da yawa, ta mayar da shi kimanin bolt 415 a tsakanin layuka uku. Gida mai layi ɗaya yana samun bolt 230 zuwa 240. Mafi yawan waɗanda ake girkawa a garuruwanmu masu ƙarfin KVA 200 ne, ko 300, ko 500.

Abin da ke cikinta da dalilin ƙuginta

Taransifoma ba ta da wani abu mai juyawa irin na janareta. A cikin tankinta akwai siraran fallayen ƙarfe da aka jera aka ɗaure tamau, an naɗe su da wayar jan ƙarfe ko ta alminiyam, wayar kuma an lulluɓe ta da takarda ta musamman. Duk wannan yana nutse cikin mai, wanda ke da aiki biyu: sanyaya na'urar, da hana wuta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan. A saman murfi akwai tangaran da wayoyi ke shiga da fita ta cikinsa. Da yawansu suna da ƙaramin tanki a sama mai nuna yawan mai, da wata kwalba mai ƙwayoyin silika da ke tsotse damshin iskar da ke shiga. Tushen wannan ilmi ya samo asali daga binciken Maikel Faraday na Ingila a 1831, kuma a 1885 ne wasu injiniyoyi uku na ƙasar Hangari suka ƙera irin wadda ta zama uwar na yau.

Wutar Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a cikin sakan ɗaya. A kowane zagaye, maganaɗisu yana sa fallayen ƙarfen su ɗan miƙe su kuma takure har sau biyu, wato sau 100 a sakan. Ido ba ya ganin wannan motsi, amma kunne yana jin sa. Shi ne ƙugin lafiya: mai kauri, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. Haka kuma idan aka dawo da wuta bayan an ɗauke, na'urar takan yi gurnani mai ƙarfi na ɗan lokaci sa'an nan ta lafa, wannan ma ba abin damuwa ba ne.

Ire-iren ƙara da abin da kowace ke nunawa

1. Ƙugi ya ƙaru, amma bai sauya kama ba. Idan hakan yana faruwa daga magariba zuwa bayan isha'i, lokacin da kowa ya kunna kayansa, mafi yawa lodi ne ya yi mata yawa. Idan kuwa cikin tsakar dare ne, lokacin da gari ya yi barci, to ƙarfin wutar da ke shigowa ne ya haura ƙima, kuma alamarsa ita ce ƙwayayen lantarki su yi haske fiye da yadda aka saba, su riƙa mutuwa da wuri.

2. Gurnani mai hawa da sauka. Yakan zo ne lokacin da aka tayar da babban inji, ko mai walda ya ɗora wuta. Idan yana tafiya tare da aikin injin, to dalilin a fili yake. Idan kuwa yana zuwa ne tare da kaɗawar iska, a duba ko wayoyi suna haɗuwa da juna, ko reshen bishiya yana taɓa su.

3. Ƙarar kaɗawar ƙarfe, kamar ta kwanon rufin da ƙusarsa ta saki. Yawanci noti ne ya kwance a murfi, ko a fukafukan sanyaya mai, ko a ƙarfen da aka ɗora na'urar a kai. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara. Amma idan an ɗaure komai na waje ƙarar ba ta tafi ba, to ɗaurin fallayen ƙarfe na ciki ne ya saki, kuma sai an kai ta wurin gyara.

4. Ƙarar shuuu ko ƙas-ƙas daga saman murfi. Wuta ce ke rarrafe a jikin tangaran saboda ƙura da damshi, ko saboda tangaran ya tsage. Da dare akan hango wani haske mai shuɗi-shuɗi a wurin, kuma rediyon maƙwabta takan cika da hayaniya.

5. Tartsatsi a mahaɗar waya. Idan notin da ya riƙe waya ya saki, wurin yakan yi zafi, ya yi baƙi, wuta ta riƙa ƙiftawa a gidajen da ke kan wannan layi. Idan wayar da ta saki ita ce ta huɗu, wadda ma'aikata ke kira nutural, wasu gidaje za su sami wuta fiye da ƙima har kayansu su ƙone, wasu kuma ta yi musu rauni.

6. Ƙugi ya sauya murya, rabin gari kuma wuta ta yi ja. Wannan yakan nuna fis ɗaya daga cikin uku na babban layi ya tsinke. Injin da ke aiki da layi uku zai riƙa gunji ba tare da ya tashi ba, kuma idan ba a kashe shi nan take ba zai ƙone.

7. Ƙarar tas-tas daga cikin tanki, kamar an yayyafa ruwa a man suya. Wuta ce ke tsallakawa a cikin mai, ko don man ya ragu, ko ruwa ya shiga, ko takardar waya ta tsufa. Wannan babbar matsala ce.

8. Ɓararraka irin ta tukunya a kan murhu. Man ne ke tafasa saboda wayoyin ciki sun haɗe ko zafi ya wuce iyaka. Idan aka ji wannan, musamman tare da ƙauri, hayaƙi, ko mai yana feshi, tankin yana iya fashewa a kowane lokaci. A janye kowa daga wurin, a nemi a kashe layin ba tare da jinkiri ba.

Har ila yau, shiru ma yana da ma'ana. Idan maƙwabtan gari suna da wuta amma taku ta yi tsit, to ta rabu da babban layi. Duk da haka kada kowa ya ɗauka ba ta da haɗari, domin ana iya dawo da wuta ba sanarwa.

Yadda yanayin shekara ke shafar ta

A lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe tangaran. Muddin ƙurar a bushe take ba ta cika yin illa ba, amma da zarar raɓa ko yayyafin farko ya sauka a kai, sai ta zama hanyar wuta. Shi ya sa ƙarar shuuu ta fi yawa da asuba da kuma farkon damina.

A bazara kuwa zafi ne abokin gaba. Ƙa'idar da ake bi wajen ƙera taransifoma ta ɗauka zafin iskar waje ba zai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan kai nan. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8 a kan zafin da aka ƙayyade yana rage rabin rayuwar takardar da ke lulluɓe da waya, idan na'urar ta daɗe a haka. Don haka lodin da ta ɗauka lafiya a watan Disamba yana iya kassara ta a watan Afrilu.

Da damina, kudancin jihar nan ya fi arewacinta samun ruwa, musamman Doguwa da Tudun Wada wajen dajin Falgore. Tare da ruwan akwai aradu, da iska mai karya rassa a kan dogayen layuka. Abin da ke kare taransifoma daga aradu shi ne na'urar kama tsawa da wayar da aka binne a ƙasa. A wurare masu duwatsu irin su Riruwai, samun kyakkyawan binne yana da wuya, don haka yana buƙatar awo da kulawa ta musamman. Bayan kowace babbar tsawa ya kamata a saurari na'urar da kyau.

Da kaka kuma, a garuruwan da ake cinikin shinkafa kamar Tudun Wadan Ɗankadai, injinan casa sukan yi aiki dare da rana, haka ma wuraren da ke cin gajiyar ruwan madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Arziki ne, amma lodi ne a kan taransifoma. Kyakkyawan tsari shi ne masu injina su raba lokaci a tsakaninsu, kada a tayar da su gaba ɗaya, kuma a sassauta aiki da magariba.

Abin da jama'a za su yi

Aikin jama'a shi ne saurare daga nesa da kai rahoto mai ma'ana. Kada a tsallaka shinge, kada a kara kunne ko sanda a jikin tanki. Wanda zai kai rahoto ya riƙe amsar waɗannan tambayoyi: yaushe ƙarar ta fara? Da wane lokaci ta fi ƙarfi? Daga sama take fitowa ko daga cikin tanki? An ga mai a ƙasa, ko hayaƙi, ko tartsatsi? Yaya wutar gidaje take? An ƙara sabon inji a gari, ko an yi tsawa kafin ta fara? Idan da hali a naɗi ƙarar da wayar hannu daga inda ake tsaye. Rahoton da ya ce kawai taransifoma tana ƙara bai kai wanda ya ce tana tas-tas daga ciki tun bayan ruwan daren Laraba ba, domin na biyun yana nuna wa ma'aikaci gaggawar lamarin da kayan da zai riƙo.

Kafin ma'aikata su iso, a kashe manyan injina da kayan wuta masu tsada, a hana yara da dabbobi matsawa, a tayar da masu sana'a da suka kafa rumfa a jikin shinge. Idan waya ta faɗo ƙasa, a tsaya aƙalla mita 10 daga gare ta. Idan gobara ta tashi, kada a watsa ruwa, domin ruwa yana ɗaukar wuta kuma yana baza mai mai ci.

Akwai wasu ɗabi'u da muke kira ga jama'a su bari. Na farko, sa waya mai kauri a madadin fis. An yi fis ne domin ya tsinke ya ceci na'ura, idan aka hana shi tsinkewa to taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa. Na biyu, sauya layi barkatai, inda kowa ke komawa layin da ya fi haske har lodin gari ya taru a layi guda. Na uku, ɗauko wanda bai da izini ya hau falwaya. Na huɗu, haɗa janareta ko wutar sola da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba su da layin gari ba. Taransifoma tana aiki gaba da baya, saboda haka wutar ƙaramin janareta tana iya komawa ta cikinta ta zama dubban bolt, ta hallaka ma'aikacin da ke gyara a wani wuri.

Yadda ƙwararru ke bincike da gyara

Yana da kyau shugabanni su san matakan aikin, domin su gane ko an yi shi yadda ya kamata. Ma'aikaci yakan fara da saurare da dubawa, sa'an nan ya auna ƙarfin wuta da lodin kowane layi da wata na'ura mai kama da awartaki, kuma ya fi kyau a yi awon da magariba. Taransifoma mai KVA 200 tana ɗaukar kimanin amfiya 278 a kowane layi, mai 300 kimanin 417, mai 500 kuma kimanin 696. Idan layi ɗaya ya haura, sauran biyu suna ƙasa, maganin shi ne a sake raba gidaje daidai a kan layukan uku. Idan duka ukun sun cika, sai a ƙara wata na'urar ko a kawo babba.

Duk aikin da ya shafi taɓa na'urar ba a yin sa sai an kashe layi, an tabbatar ba wuta, an kuma ɗaure wayoyin da ƙasa. Daga nan ake goge tangaran ko sauya wanda ya tsage, a ɗaure notuna, a gyara mahaɗar da ta ƙone, a sa fis daidai da ƙarfin na'urar. Idan ƙarfin wuta ne ya haura ko ya gaza, akwai wani maɓalli a jikin tanki da ake juyawa, kuma ba a juya shi da wuta a jiki. Ƙwayoyin silika masu launin shuɗi, idan suka koma ruwan hoda, sun ƙoshi da damshi, sai a sauya su ko a busar.

Matsalar ciki kuwa awo ne ke bayyana ta. Akan gwada lafiyar takardar waya da na'urar da ma'aikata ke kira mega. Akan kuma ɗebi mai a gwada shi tsakanin wasu ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5, idan wuta ta tsallaka kafin a kai kimanin bolt 30,000, man yana buƙatar tacewa ko sauyi. A manyan na'urori akan binciki iskar da ta narke cikin mai, domin samun iskar asitilin, irin wadda masu walda da gas ke amfani da ita, shaida ce cewa wuta tana tartsatsi a ciki. Idan awo ya nuna wayoyin ciki sun haɗe, babu gyaran da za a yi a bakin hanya, dole a ɗauke ta a sake naɗi ko a kawo sabuwa. Sake kunna irin wannan na'ura don a gwada sa'a yana mayar da ƙaramar ɓarna babba.

Satar mai da waya

Taransifomar da aka zuƙe wa mai takan fara ƙara da zarar wuta ta dawo, kuma ba ta daɗewa take ƙonewa. Ɓarayi sun fi samun dama idan aka daɗe babu wuta, irin abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. A irin wannan lokaci ne ya kamata 'yan sintiri su ƙara sa ido. Idan aka ga alamar an taɓa shinge, ko mai ya zuba, ko an yanke wayar ƙasa, a sanar da kamfani da 'yan sanda tun kafin wuta ta dawo. Man taransifoma guba ne ga ɗan Adam, kuma na wasu tsofaffin na'urori yana ɗauke da sinadarin PCB, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin abubuwan da za a kawar. Kada a shafa shi a jiki, kada ya kusanci abinci ko rijiya.

Alhakin gyara yana kan wa?

Hukumar NERC, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransifoma, falwaya da waya alhakin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Idan al'umma ta zaɓi ta sa kuɗinta, ko wani ya ba da gudummawar na'ura, ƙa'idar hukumar ta 2015 kan zuba jari a layukan lantarki ta tanadi a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin tun kafin a kashe ko kwabo. Haka kuma hukumar NEMSA ce ke da ikon duba sabon aiki ta tabbatar da ingancinsa kafin a sa masa wuta.

Ana fara kai ƙorafi ne ofishin kamfani mafi kusa, a rubuce, a kuma riƙe kwafe mai kwanan wata. Ƙa'idar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware ƙorafi, idan bai yi ba a ɗaukaka shi zuwa zauren sauraren ƙorafe-ƙorafe na hukumar. Wannan wa'adi bai shafi gaggawa ba: tafasar mai, hayaƙi da faɗuwar waya abubuwa ne na kira nan take.

Kammalawa

Muna ba dagatai da masu unguwanni shawara su wakilta mutum biyu ko uku daga maƙwabtan kowace taransifoma, waɗanda kunnensu ya saba da ƙuginta, su riƙe littafin da za a riƙa rubuta abin da aka ji da ranar da aka kai rahoto. Ƙananan hukumomi kuma su taimaka da shinge, da share ciyawa kafin lokacin ƙunar daji, da hana gini a ƙarƙashin layi, domin ƙa'ida ta ware faɗin mita 11 ga layin bolt 11,000 da na 33,000, wato mita 5.5 a kowane gefe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Notin da aka ɗaure yau, ko lodin da aka raba a wannan mako, shi ne zai hana gari kwana cikin duhu na watanni. Allah Ya kiyaye mana rayukanmu da dukiyoyinmu, amin.